Sandar Tuta, Ma'aikaciyar da Ba Ta Fashi

Masu ƙorafi sun yi mana yawa a arewacin Zamfara. Zauna a teburin mai shayi a Ƙaura Namoda, ko ka shiga motar Shinkafi ranar kasuwa, ba abin da kunnenka zai sha sai gwamnati ta kasa kaza, gwamnati ta manta da kaza. Babu malamai, babu kujeru, iska ta yaye rufin aji tun daminar bara waccan. Butulci dai halin ɗan Adam ne. Ban taɓa jin wanda ya buɗe baki ya yaba wa hukuma a kan hidimar da ba ta taɓa yankewa ba tun da boko ya shigo ƙasar nan, wato layin safe da sara wa tuta da taken ƙasa. Wuta takan ɗauke, famfo yakan ƙafe, albashi yakan maƙale a hanya, har layin waya an taɓa datse mana shi ɗungurungum a watan Satumba na 2021. Amma duk makarantar da ta samu ta buɗe ƙofa, ko da ƙofar ba ta da ƙyaure, to asambuli na nan daram.

A dubi sandar tuta da idon adalci. Ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Ba ta bin kowa bashin ƙarin girma ko kuɗin hutu. Ba ta taɓa rubuta takardar neman a mayar da ita Gusau saboda tsaro ba, kuma har yau ban ji an sace ta an nemi kuɗin fansa ba, abin da ba kowane malami ne tsakanin Zurmi da Shinkafi zai bugi ƙirji ya faɗa a kan kansa ba. A wasu garuruwan ɗan sanda ya tashi, malamin asibiti ya tashi, alƙali ya koma birni, hakimi kansa sai dai ya aiko da gaisuwa, ita kaɗai ta rage tana wakiltar Tarayyar Najeriya. Idan akwai ma'aikacin da ya cancanci lambar yabo ta ƙasa a wannan yanki, to ga shi nan a kafe tsakiyar fili, rana da ruwa duk a kansa.

Kuma al'adar tana da asali mai tsarki, domin daga kasuwa ta fito. A Amurka, wata mujallar yara mai suna Youth's Companion ta ɗauki aniyar ganin tuta a kowace makaranta, ita ce kuma ke sayar da tutocin. A 1892, da za a yi bikin cika shekara 400 da isar Kolumbus wancan ɓangare na duniya, wani ma'aikacinta, Francis Bellamy, ya tsara 'yan kalmomin mubaya'a da yara za su riƙa faɗa suna fuskantar tuta. Ka ga hikimar ɗan kasuwa: in akwai mubaya'a dole a nemi abin da za a yi wa ita. Da farko yaran miƙe hannu suke yi sama wajen tutar, har sai da aka lura cewa haka mutanen Hitila ke gaisuwa a Jamus, sannan a 1942 majalisa ta ce a mayar da hannun ƙirji. Shekara guda bayan nan kotun ƙolinsu ta yi rauni, ta yanke hukuncin cewa ba a tilasta wa yaro sara wa tuta, bayan da 'ya'yan Shaidun Jehobah suka ƙi yi aka kore su daga makaranta. Mu kam Allah ya tsare mu da irin wannan sakaci. Dorinar malamin horo ba ta san kotun ƙoli ba.

Mu ta hannun Ingila abin ya zo mana. Turawan mulki suna da Ranar Daula, 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. A ranar akan jera 'yan makarantar elemantare da na midil gaban Razdan ko Di'o, su yi maci, su sara wa tutar Ingila, su roƙa wa sarkin da ba su taɓa gani ba tsawon rai, sannan a yi tseren buhu da jan igiya. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, kuma ba zai yi kyau a kwashi amfanin gonar mutum a bar ɗansa bai san wanda zai gode wa ba. Wannan darasi na ladabi shi ne gadon da muka fi riƙewa da kyau. Jirgin ya daina zuwa yadda ya saba, tashar ta zama wurin hutawar awaki, amma godiyar tana nan kowace safiya.

Da 'yanci ya ƙarato aka sa gasar zanen tuta. Wani ɗalibi da ke karatu a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, shi ya ci a 1959, aka ba shi fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. Masu hangen nesa ne, sun san ja ba sai an ɗinka shi a ƙyalle ba, ƙasar za ta samar da abinta. Taken da aka rera ranar 1 ga Oktoba 1960 kuwa wata Baturiya ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa, wata Baturiyar ta sa masa kiɗa. Sai a 1976 Farfesa Felicia Adedoyin ta tsara alƙawarin biyayya ga ƙasa, bayan 'ya'yanta da suka saba yin irinsa a makarantun waje sun tambaye ta ina namu. Jaridar Daily Times ta buga, Janar Obasanjo ya gani ya yi na'am, ya ba da umarnin kowane ɗan makaranta ya riƙa karanta shi a layi. A wannan shekarar dai aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Tagwaye ke nan, rana ɗaya kusan aka haife su: alƙawarin yaro ga ƙasa da alƙawarin ƙasa ga yaro. Na farkon ya girma ya yi ƙiba, ba ya fashin ko kwana ɗaya. Na biyun ba a cika tambayar lafiyarsa ba, kuma mai ladabi ba ya tone-tone. A 1978 aka sauya take, a 1984 Buhari da Idiagbon suka zo da yaƙi da rashin ɗa'a, har manya masu furfura a ofisoshi suka koma haddar abin da 'ya'yansu ke rerawa.

Kada wani ya ɗauka mutanen wannan yanki baƙin tuta ne. Tun kafin Bature ya san hanyar Sakkwato, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ba da tuta, kuma Namoda, wanda Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin jaruman da suka ci Alƙalawa a 1808. Sai dai tutar wancan zamani tana da wani aibi babba: nauyinta a wuyan wanda ya karɓe ta yake. In an ba ka tuta an ba ka amanar jama'a, kai za ka tsare musu hanya da kasuwa, kai za ka fita gaba ranar da maƙiyi ya taso, in ka gaza kowa ya san sunan wanda ya gaza. Wannan tsari ne mai wahalar da shugabanni. Ci gaban zamani ya gyara shi tsaf. Yanzu tuta a sama take, ba a hannun kowa ba, nauyin kuma ya sauko kan yaro ɗan shekara bakwai da ke tsaye ƙarƙashinta ba takalmi. Shi ke rantsuwa zai yi gaskiya da riƙon amana, shi ke ɗaukar alƙawarin kare haɗin kan ƙasa da dukkan ƙarfinsa, ƙarfin da bai wuce na kokon da ya sha da safe ba, in ya samu. Ba a taɓa jera kwamishinoni a rana an sa su yi wa yaran alƙawarin komai ba. Wannan shi ake kira rabon aiki.

Wanda ke son ganin abin da idonsa, ya leƙa wata firamare a ƙasar Birnin Tsaba, ba sai na faɗi wacce ba. Ƙarfe bakwai da rabi monita zai ɗauki guntun ƙarfe ya bugi tsohon wilin mota da ke rataye a dogon yaro. Yara su fito su jeru, gajeru a gaba, dogaye a baya, mata gefe guda cikin hijabai masu launi iri-iri domin maganar yunifom an yafe ta tuntuni. A duba farce, a duba haƙora, 'yan latti su durƙusa a kan tsakuwa. Tutar ta koɗe har koren ya koma ruwan toka, gefenta ya zare, igiyar kuma ƙulli uku gare ta, sai an yi mata lallashi take hawa. Malamai biyu ne, hedimasta da wani saurayi mai taimakawa don Allah. Daga cikin azuzuwan, biyu suna hannun 'yan gudun hijira da suka baro ƙauyukansu, sun kafa murhu a baranda, sun shanya tsummokara a tagar da ba gilashi. Daidai lokacin da za a fara take, wata dattijuwa tana dakan ɗan geron da aka samu. Hedimasta ya taka har inda take, ya rage tsawo.

"Inna, don Allah a ɗan tsai da taɓarya, za mu yi taken ƙasa."

Ta jingine taɓaryar, ta goge hannu a zane. "To, Malam, Allah shi ba da sa'a. In kun ƙare, ku tambaya muna mai taken, yaushe za mu koma gida?"

Ka ji kishin ƙasa na gaskiya. Ba ta yi gardama ba, ta tsaya cik har aka gama. Yaran ma sun ƙame, hannu a gefe, ido a kan tuta, kunne a kan hanya, saboda a wannan yanki an san bambancin ƙarar babur ɗaya da ta babura ashirin. Ina ƙasar da za ta nuna mana yaran da suka fi waɗannan nutsuwa a layi?

Masu neman aibi sukan ce yaran ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba, tunda da Turanci ne, kuma yawancinsu ba su iya karanta sunansu a allo ba. Ni a nan na ga rahama. Wanda bai fahimci alƙawari ba, ba zai taɓa tambayar ina ladansa ba. Ka fassara wa yaron Dauran ko Moriki cewa ana yi masa zancen ƙasar da zaman lafiya da adalci ke mulki, ka jawo wa malami tambayar da ba ta cikin manhaja. Gara a bar shi ya rera da ƙarfi, ya haɗiye rabin kalmomin, ya ja na ƙarshe da tsawo yadda ya ji manya na yi. Ita ma gwamnatin tarayya ta san darajar wannan sauƙi. A 2013, makin shiga makarantun haɗaka na tarayya ga ɗan Anambra 139 ne, ɗan Zamfara kuwa 4, 'yar Zamfara 2. Wace uwa ce ta taɓa tausaya wa ɗanta haka? Ba a ɗora mana wahalar koyo ba, an dai roƙe mu mu ƙame.

Launukan tutar ma ba su yi mana ƙarya ba. An ce kore noma ne, kuma jiharmu da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996 da noma take alfahari, har a lambar mota an rubuta. To je ka duba gonakin da ke nesa da gari a ƙasar Zurmi da Shinkafi da damina. Kore shar, ciyawa har wuya, ba wanda ya taɓa su da fartanya, sai wanda ya biya kuɗin shuka kuma ya shirya biyan na girbi. Fari an ce zaman lafiya ne. Mun ga sulhu iri-iri, an yi a 2019, an sha hannu, an ɗauki hoto. Farin ƙyalle kuwa ba ya kwantai a kasuwanninmu, masu sayar da likkafani shaida ne.

A farkon watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Moriki suka tafi da masu dafa abinci. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashi 'yan matan Jangebe cikin dare. Da farko aka ce su 317 ne, da suka dawo aka ƙirga 279 aka ce ai su ke nan, kuma a nan ma laifin na masu ƙirga ne da ba su jira lokacin asambuli ba, inda kowa ke tsaye a layinsa. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, da rana tsaka. Hukuma ta ɗauki matakin da ya dace da jarumtaka, ta rufe makarantun jihar gaba ɗaya, domin yaron da ba ya makaranta ba za a sace shi a makaranta ba. Cikin watan Oktoba, makarantunmu na garƙame, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan tsaron makarantu. Baƙi sun zo daga ƙasashe, an yi jawabai masu ratsa zuciya, kuma ina da yaƙinin an buɗe taron da taken ƙasa, kowa a tsaye. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu makarantun. Duk tsawon watannin nan sandunan tuta suna bakin aiki, ba wadda ta bar wurinta.

Ya kamata kuma a riƙa kwatanta hukumomi kafin a yi tsegumi. Talakan wannan yanki hukuma biyu yake yi wa biyayya. Ta daji, irin ta su Bello Turji, in ta yanka wa gari haraji, kamar yadda ta yanka wa Moriki na miliyoyin naira, kuɗi take so a hannu, da wa'adi, ba ta karɓar uzuri, ba ta karɓar waƙa. Ta birni kuwa me ta nema? Minti biyar da safe, baiti ɗaya, hannu a ƙirji. Ba ta ma zuwa duba ko an yi. Wanda bai ga sauƙin wannan ba, to idonsa ne ke da yana.

Amma duk abin da na lissafa bai kai abin da ya faru a watan Mayu na 2024 ba. Ana cewa majalisarmu tana da nawa, ƙudiri yakan shekara yana barci a aljihun tebur. Sai ga ƙudirin komawa tsohon take na 1960. Majalisar wakilai ta yi masa karatu na ɗaya da na biyu da na uku a zama guda, ta dattawa ta bi sahu cikin 'yan kwanaki, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga wata. Ashe ana iyawa in abu ya kai abu. A lokacin buhun masara ya gagari mai albashi, mutanen Zurmi ba su gama jimamin harin da aka kai garinsu har fadar sarki a watan Afrilu ba, sai ga agajin gaggawa ya iso: baitoci uku da Baturiya ta rubuta. Malaman da aka haifa bayan 1978 ba su taɓa rera shi ba, don haka aka ga hedimasta yana hawa tudu neman sabis don ya sauko da shi a waya, ya haddace da dare, ya koyar da safe. Wannan ne horon malamai mafi sauri da aka taɓa yi a tarihin ilimi a jihar, kuma bai ci wa baitulmali ko sisi ba. Watanni kaɗan bayan haka Kakakin Majalisa Tajuddin Abbas, ɗan Zariya, ya kawo ƙudirin da ya tanadi tarar naira miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙi rera taken. Mutane suka yi ca, ya janye. Abin takaici. Da ya wuce, da yaron da ya yi shiru a layi saboda yunwa ya samu gurbi a gidan gwamnati mai katanga da masu gadi da abinci, abubuwa ukun da makarantarsa ba ta da su.

'Ya'yan wannan tarbiyya sun nuna ba a yi asarar dorina a kansu ba. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024, matasa a Kano da Kaduna suka fito da tutar Rasha suna kaɗawa. Wasu sun kira abin cin amanar ƙasa, ni kuwa nasarar asambuli na gani. Shekara da shekaru ana koya musu cewa in kana da buƙata ƙyalle ake ɗaga wa kai, ba a taɓa koya musu taswira ko tarihi ba, tarihin ma an daɗe da cire shi daga manhaja kafin a tuna a maido. Da wannan ƙyallen bai amsa ba sai suka gwada wani. Hukuma ta nuna ba ta wasa da sha'anin tuta: aka kama har telolin da suka ɗinka, aka tsare yara wata uku, aka gurfanar da su a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wasu suka zube a gaban alƙali don yunwa, aka sa belin kowanne naira miliyan 10, kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. Dubi saurin da aka gano telan da ke cikin lungu. Da masu sace ɗalibai tuta suke ɗinkawa, da tuni an gama da su.

Shi ma mai zanen tutar ƙasa ta yi masa halacci irin nata. Akinkunmi ya rasu a watan Agusta 2023, aka yi wa iyalinsa alƙawarin jana'izar ƙasa, gawarsa ta yi shekara guda tana jiran alƙawarin a ɗakin ajiya, har iyalin suka gaji suka binne shi a Ibadan a Satumban 2024. Ya ɗanɗani abin da kowane ɗan firamare ya sani, wato tsayuwa a layi har sai an ce a watse.

Saura gyara ɗaya da nake roƙo. Dokar tuta ta ƙasa ta haramta kafa tutar da ta yage ko ta lalace, tarar kuma naira 100 ce. Na faɗa wa hedimastan nan cewa tutarsa ta saɓa doka, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce shi ma ya daɗe da sani, kuma ɗarin tana aljihunsa a shirye. Roƙonsa kawai, in masu karɓar tarar sun tashi zuwa daga Abuja, su biyo ayarin da sojoji ke rakawa daga Ƙaura, su yi ƙoƙari su iso kafin la'asar, su kuma taho da alli ko kwali ɗaya ne.